Filin Tsaron Iyali: Na'urar Kashe Gobara a Motar da Ake Kwana a Cikinta

 A wannan fitowa maganarmu a kan wata ƴar jar tukunya take, wadda kusan kowa ya saba gani a rataye a gidan mai ko a bayan kujerar direban motar haya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zare ƙusarta. Ita ce na'urar kashe gobara, wadda ake kira extincteur da Faransanci. Za mu dube ta a wurin da ta fi zama wajibi, wato cikin motar da mutane suke kwana, suke kuma dafa abinci.

A ƙasashen Turai da Amurka ana ƙera wata irin mota wadda ita kanta gida ce. Faransawa suna ce mata camping-car, wadda kuma ba ta da inji, sai an ja ta a bayan wata mota, suna ce mata caravane. A cikinta akwai gadaje, da risho, da firiji, da tukunyar gaz, da batura, da tankin ruwa, har da ɗan banɗaki. Idan lokacin hutu ya zo, maigida yakan kwashi iyalinsa su yi makonni suna yawo, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Wasu daga cikin ƴan uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam su ma sukan yi hayarta. Da yake an daɗe ana amfani da irin waɗannan motoci a can, an kuma sha ganin yadda suke ƙonewa, ƴan kashe gobara da masu ƙera su sun tara ilimi mai yawa game da tsaronsu.

Wannan ilimi yana da amfani har gare mu. Direban babbar mota da ke ɗaukar kaya daga Lome zuwa Yamai, ko daga Duwala zuwa Njamena, kwana da kwanaki yake yi a hanya. A cikin kan motar yake barci, yaron motarsa kuma yana girki da ƴar tukunyar gaz a gindin taya. Abubuwan da suke haɗuwa su haifi gobara a waccan mota ta hutu, su ne suke haɗuwa a wannan ta neman abinci. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin da ya sa wutar mota ba ta jira

A gida, madafa tana gefe guda, ɗakin kwana yana gefe guda, janareta yana waje, tsakaninsu kuma akwai bangon ƙasa ko na siminti wanda wuta ba ta ci. A motar kwana kuwa duk an cusa su a wurin da bai fi ƙaramin ɗaki ba. Bangonta katako ne mara kauri da roba da soso, ga labule, ga katifa, ga tankin mai a ƙarƙashin ƙafa. Soso da roba idan suka kama, baƙin hayaƙi mai guba suke fitarwa, kuma a yawancin gobara hayaƙi ne yake riga harshen wuta isa ga mutum. A caravane yawanci ƙofa ɗaya ce tak, sai dai taga.

Wurare biyar ne wuta ta fi tashi a irin wannan mota. Na farko inji, inda tiyon mai kan tsage ya riƙa ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. Na biyu wayoyin lantarki. Mutane da yawa suna raina wutar batir domin ba ta jan mutum, alhali idan girgizar hanya ta goge rufin waya har ta taɓa ƙarfen mota, batir zai tura mata ƙarfin da zai mai da ita ja wur cikin ƙiftawar ido. Na uku ƙafafu, idan birki ya riƙe ko taya mara isasshiyar iska ta yi ta zafi har ta kama. Na huɗu risho, da duk abin da aka rataya kusa da shi. Na biyar firiji. Da yawa daga cikin firijin motocin kwana ba irin na gida ba ne: wani ɗan harshen wutar gaz ne yake dumama ruwan amoniya a cikin bututu, daga nan sanyi yake samuwa. Idan bututun ya tsage, abin da ke cikinsa zai fito ne daf da wannan harshen wuta. A shekarun 2000 kamfanonin Dometic da Norcold sun yi kiran a dawo da firiji masu yawa a Amurka domin a gyara su, saboda haɗarin gobara irin wannan.

Sai kuma gaz, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Gaz ɗin girki, butan ne ko furofan, ya fi iska nauyi. Idan ya zurare ba ya tashi sama ya fita ta taga, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya cika lungu da ƙarƙashin gado. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da shi. Asalinsa ba shi da wari, masu sarrafa shi ne suke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya yi gargaɗi. Wannan ne dalilin da ya sa akwatin da ake ajiye tukunyar gaz a motar kwana yake da huji a ƙasansa, domin abin da ya zurare ya gangara waje. Wanda ya toshe wannan huji da tsumma don gudun ƙura ya toshe hanyar tsirarsa.

Al'ummarmu ta san abin da tukunyar gaz take iya yi a masaukin wucin gadi. Ranar 15 ga Afrilu 1997 gobara ta tashi a tantunan alhazai a Mina, iska ta kaɗa ta, mutane fiye da 300 suka rasa rayukansu, kuma tukwanen gaz na girki aka ɗora wa alhakin tashinta. Bayan wannan musiba ne hukumomin Saudiyya suka maye gurbin tantunan da waɗanda ba sa kama wuta. Tanti da motar kwana dangi ne: bango mara kauri, mutane a cunkushe, wuta kusa da shimfiɗa.

Haruffan da ke jikin na'ura

Wuta iri-iri ce, kuma abin da ke kashe wata yana iya hura wata. Saboda haka aka raba ta aji-aji, aka ba kowane aji harafi, ana kuma buga haruffan a jikin na'ura. A tsarin Turai, wanda ƙasashenmu masu amfani da Faransanci suka fi sabawa da shi, A na nufin busassun abubuwa masu barin garwashi, kamar katako da tufafi da takarda da katifa. B na nufin abubuwa masu ruwa-ruwa, kamar fetur da man dizal da kananzir da fenti. C na nufin gaz. D na wasu ƙarafa ne masu kama wuta, wanda bai shafi iyali ba. F kuma na man girki ne.

A nan akwai wani tarko. A tsarin Amurka harafin C ba gaz yake nufi ba, wutar da ta kama kayan da ke haɗe da lantarki yake nufi. Gaz yana ƙarƙashin B, man girki kuma K ake sa masa. Kasuwanninmu kuwa cike suke da kaya daga kowace nahiya, sababbi da na gwanjo. Don haka kada mai saye ya tsaya ga harafi kawai, ya dubi ƙaramin hoton da ke gefensa, domin shi ne yake fayyace irin wutar da ake nufi. Zai kuma ga lambobi gaban haruffan, misali 13A 89B. Lambar tana nuna girman wutar gwaji da na'urar ta kashe, gwargwadon girmanta gwargwadon ƙarfin na'urar.

Wace iri, kuma mai wane girma?

Wadda ta fi yawa a motoci ita ce mai gari, an rubuta poudre ABC a jikinta. Garin yana katse harshen wuta nan take, yana kuma narkewa a kan garwashi ya lulluɓe shi. Tana aiki a kan katifa da fetur da gaz, ana kuma iya fesa ta a kan wayoyin mota. Ga wanda zai sayi guda ɗaya kawai, ita ce zaɓi. Amma tana da aibi. A wuri matsattse garin yana turnuƙewa ya rufe ido ya shaƙe maƙogwaro, ba ya sanyaya abin da ya ƙone sosai, kuma idan ba a share shi da wuri ba yana cin wayoyi da ƙarfe. Akwai ƙanwarta mai garin BC, wadda aka daɗe ana sayar da motocin kwana na Amurka da ita. Wannan tana kashe wutar mai, amma ba ta riƙe garwashi, sai mutum ya ga katifar da ya ɗauka ta mutu ta sake kamawa.

Mai kumfa tana sanyaya wuta, ba ta kuma turnuƙe wuri, saboda haka wasu suka fi son ta a ɓangaren kwana. Ba ta maganin wutar gaz, kuma ba a fesa ta a kan abin da ke haɗe da lantarki sai in an rubuta a jikinta cewa an yarda. Mai iskar CO2 ba ta barin datti, ta dace da kayan lantarki, amma ba ta dace da cikin motar kwana ba, domin iskar da take fitarwa tana korar wadda ake shaƙa, a rufaffen wuri tana iya sumar da mai riƙe da ita. Bakinta kuma yana yin sanyin da ke ƙona hannu. Idan mutum ya ci karo da tsohuwar na'ura mai sinadarin halon cikin kayan gwanjo, ya san ta daɗe ƙwarai: bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe masu arziki sun daina ƙera wannan sinadari a 1994, sauran ƙasashe kuma a 2010.

Kusa da risho kuwa babu abin da ya kai bargon kashe wuta, wani ƙyalle da aka saƙa da zaren gilashi, wanda ake shimfiɗawa a kan tukunyar da ta kama. Ba shi da tsada, ba ya kuma lalacewa da ajiya.

Maganar girma ita ce mutane suka fi jahilta. Na'ura mai gari ta kilo 1 ba ta cika kai sakan 10 tana fesawa ba. Ta kilo 2 takan ɗan wuce haka. Ko ta kilo 6, wadda ake gani a ofisoshi, ba ta kai rabin minti. Mai karatu ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma a hankali, ya ga iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Wannan na'ura an yi ta ne domin wutar da take jaririya, wadda ba ta wuce girman bokiti ba, da kuma buɗe wa iyali hanyar fita. Wutar da ta riga ta kai rufi ta fi ƙarfinta. Don haka ga motar kwana ko babbar mota, kilo 2 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata, kuma guda biyu sun fi guda ɗaya.

Inda za a rataye ta

Ƙa'idar ƙera motocin kwana ta Amurka, mai lamba NFPA 1192, ta wajabta a sa na'urar kusa da babbar ƙofa. Hikimar ita ce, wanda ya je ɗauko ta ƙofa ya nufa, idan kuma ya juyo ya fuskanci wutar, mafita tana bayansa. Na'urar da aka ajiye a ƙarƙashin risho, ko a can ƙuryar mota, wuta ce za ta shiga tsakaninta da mai ita. Ta biyu a sa ta kusa da gado ko kusa da kujerar direba. Wanda yake da hali ya ƙara ta uku a akwatin waje, domin wutar inji da ta taya daga waje ake yaƙarsu, kuma ba a son wanda ya riga ya fita ya koma ciki neman na'ura.

A ɗaure ta da mariƙinta na ƙarfe wanda aka kafa da noti. Na'urar da ke gangarawa a ƙarƙashin kujera tana iya zare ƙusarta ta fashe da feshi ana cikin tafiya, idan kuma aka yi karo sai ta zama dutsen jifa a tsakanin fasinjoji. Kada a binne ta a ƙarƙashin buhuna da akwatuna, kada kuma a kulle ta a inda sai an nemi mabuɗi.

Akwai kuma batun zafi, wanda ya fi shafarmu a kan mutanen Turai. A jikin kowace na'ura an rubuta iyakar sanyi da zafin da take jurewa, kuma ga yawancinsu iyakar zafin digiri 60 ce. A bazarar Yamai ko Marwa ko Njamena zafin inuwa ma yana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 60, musamman a gaban gilashi. Saboda haka a nema mata wuri ƙasa-ƙasa, inda rana ba ta dukanta, nesa da inji.

Kulawa: minti biyu a kowane wata

Na'urar kashe gobara tana iya mutuwa a rataye ba tare da wani ya sani ba. Jan fentinta yana nan, amma cikinta ba komai. Ga abin da ya kamata a duba sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

1. Agogonta. Allurar ta kasance a cikin kore. Idan ta faɗa ƙasa, iskar da ke tura garin ta zurare. Mai CO2 ba ta da agogo, a sikeli ake auna ta, a gwada da nauyin da aka buga a jikinta.

2. Ƙusar tsaro da ɗan zaren robar da ya ɗaure ta. Idan zaren ya tsinke, a ɗauka an taɓa amfani da ita.

3. Baki da tiyo. A leƙa ko zanzaro ya yi gini a ciki, ko ƙura ta toshe, ko robar ta bushe ta tsattsage.

4. Jikinta, musamman gindi. Tsatsa ko lotsawa ko alamar ƙuna sun isa a sauke ta daga aiki, domin tukunya ce mai matsattsiyar iska.

5. Garin da ke ciki. Girgizar hanya tana danne shi ya dunƙule a gindi, irin yadda garin tuwo yake danƙarewa a buhun da ya sha tafiya. A sauke ta, a kife ta, a bubbuga gindin da tafin hannu, a kara kunne a ji garin yana zubowa.

6. Shekarar ƙira. Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 10 ta ce wadda ba a sake cikawa a yar da ita bayan shekara 12 daga ƙira, wadda ake sake cikawa kuma a buɗe cikinta a duba bayan kowace shekara 6. Baya ga wannan, sau ɗaya a shekara a kai ta wurin masu sana'ar su duba, su manna takarda mai kwanan wata.

Akwai doka guda da ba ta da togiya: na'urar da aka matsa, ko da na sakan ɗaya ne, ta tashi daga aiki har sai an sake cika ta. Gari yana maƙalewa a bakin murfin ciki, iskar kuma ta riƙa sulalewa har ta ƙare, ko da allura ta nuna kore a ranar. Don haka kada maigida ya ce bari ya ɗan gwada ya gani ko tana aiki, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita.

Ko sabuwa ma ana bincikarta. A watan Nuwamba na 2017 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta sanar da janye na'urori kusan miliyan 38 na kamfanin Kidde, mafi yawansu masu hannun roba, domin suna iya toshewa su ƙi fesawa a lokacin bukata. Wasu daga cikinsu an ƙera su tun 1973, an kuma danganta lamarin da mutuwar mutum ɗaya a gobarar mota. Tun da kayan gwanjo daga can suke zuwa mana, wanda ya ga wannan suna da hannun roba a tsohuwar na'ura ya yi hattara. Mai hannun ƙarfe, mai tambarin ƙa'ida irin su EN 3 ko NF, ta fi kwanciyar hankali.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ba ta tilasta wa mai ƙaramar motar kansa ya ajiye na'urar ba, Beljiyam da Poland kuwa sun tilasta wa motocinsu. Duk direbanmu da ke shiga Najeriya ya san jami'an kiyaye haɗurra suna tambayarta. To, a nan wata mummunar al'ada ta samo asali, ta sayen na'ura domin nuna wa jami'i kawai. Sai a nemi mafi araha, ko wadda ta shekara goma babu mai duba ta, a jefa a but. Jami'i zai gani ya ɗaga hannu a wuce. Wuta kuwa ba ta duba launin tukunya.

Ranar da wuta ta tashi

Abu na farko, kowa ya fita. A tsayar da mota a gefen hanya, a kashe inji, a fitar da yara da tsofaffi, a tara su nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, kuma ba a kan kwalta ba. Babu mai komawa ɗauko jaka ko waya ko takardu. Wani ya kira ƴan kashe gobara: lamba 18 a Nijar da Faransa, 118 a Kamaru, 112 a duk ƙasashen Tarayyar Turai. Sai bayan haka, idan wutar ƙarama ce kuma akwai mafita a baya, babba ɗaya ya ɗauki na'ura.

Yadda ake aiki da ita mataki huɗu ne. A zare ƙusa. A tsaya kamar taku biyu zuwa uku daga wutar, a saita bakin ga gindinta, wato ga abin da ke ci, domin feshin da aka yi wa harshen sama asara ne. A matsa hannu. A riƙa kaɗa bakin dama da hagu kamar mai shara, ana matsawa gaba a hankali. A riƙe ta a tsaye, kada a kife ta. Idan ta ƙare wutar ba ta mutu ba, a ajiye a gudu. Idan ta mutu, kada a juya mata baya, a tsaya a ga ko za ta farfaɗo.

Kowace wuta da nata hukunci. Idan hayaƙi yana fitowa daga inji, kada a wangale murfin, domin iskar da za ta shiga ita ce za ta tayar da wutar ta doki fuskar mai buɗewa. A ɗan sassauta shi, a fesa ta kafar da ta samu. Idan gaz ne yake ci, maganinsa rufe kan tukunya, matuƙar ana iya kai hannu lafiya. Wanda ya kashe harshen ya bar gaz yana zuba ya musanya wutar da ake gani da fashewar da ba a gani. Idan kuwa wuta ta riga ta lulluɓe tukunyar, kowa ya yi nisa ƙwarai, ya kuma gargaɗi maƙwabta. Idan man suya ne ya kama, a kashe risho, a rufe tukunyar da murfi ko da bargon kashe wuta, a bar ta har ta huce. Kada a kuskura a zuba ruwa, domin man da ke ci ya wuce digiri 300, ruwan zai koma tururi nan take ya watsa wutar har rufi. Kada kuma a ɗauki tukunyar a nufi ƙofa da ita. Tayar da ta kama tana iya fashewa ta yi jifa, ba a tsayawa daf da ita. Batirin litiyom kuwa, irin na waya da na ajiyar wutar sola, idan ya kumbura ya fara huci, gari ba ya tsayar da abin da ke faruwa a cikinsa, a bar wurin a jira masu aikin.

Abin da ya riga na'ura

Duk wannan bayani na mai ido biyu ne. Wanda yake barci yana bukatar mai tashinsa, shi ya sa motar kwana take bukatar ƴan na'urorin gargaɗi guda uku: mai jin hayaƙi a rufi, mai jin gaz a kusa da ƙasa tun da can yake kwanciya, da mai jin iskar CO, gubar nan mara wari da mara launi da ke fita daga gawayi da wutar da ba ta samun isasshiyar iska. A riƙa danna maɓallin gwajinsu, a sauya musu batir. Kada kuma sanyin hunturu ya sa wani ya shigar da kaskon gawayi ko ya kunna risho a cikin rufaffiyar mota don jin ɗumi, mutane da yawa sun kwanta a haka ba su tashi ba.

Tiyon gaz shi ma yana da wa'adi. A kan na Faransa ana buga shekarar da zai ƙare: na roba shekara 5, mai ƙarfafan jiki shekara 10. Ana gwada mahaɗarsa da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Kafin a tashi mota, da kuma kafin a kwanta, a rufe gaz daga kan tukunya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kada a bar wuta tana ci a gida lokacin barci.

Daga ƙarshe, kada ilimin nan ya tsaya ga maigida shi kaɗai. Uwargida ce ta fi kusa da risho, yaron mota ne ya fi kusa da tukunyar gaz, kuma wata rana direban ne zai zama wanda hayaƙi ya fara bugarwa. Kowane babba ya san inda na'urar take da yadda ake zare ta daga mariƙinta cikin duhu. Kowane yaro ya san yadda ake buɗe ƙofa da tagar gaggawa, da inda za a taru a waje. Idan lokacin sauya tsohuwar na'ura ya yi, kafin a rabu da ita a fita fili a bar uwargida da manyan yara su zare ƙusa su matsa, su ji nauyinta da ƙararta, su ga da idonsu yadda take saurin ƙarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya gama karanta wannan shafi ya tashi ya je ya dubi allurar tasa yau. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, a gida da kan hanya, Ya kai matafiyanmu masaukinsu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.